Sunan da Kaka Bai Taɓa Kira Ba

Kaka ya tafi da kaka. An gama yankan gero, dammuna na jingine a bakin rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin, sai Mai shi ya karɓi abinSa da hantsin wata Laraba. Daga Allah muke, kuma can za mu tattara mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Ina tsaye gaban ɗalibai a jami'a wayar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shigo. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta ce, "Amarya, sai ki taho ki shiga takaba." Nan take na gane, domin mutum ɗaya ne a duniya ya laƙaba mini wannan suna, wato mahaifin mahaifina. Tun ina cikin zanen goyo yake cewa ni matarsa ce, kamar yadda kakanni suka saba tsokanar jikokinsu mata.

Kafin in isa ƙauyenmu, can tsakanin Gezawa da Minjibir, har an kai shi makwancinsa. Na tarar da tsakar gida cike da mata, kowace da abin da ya fi ci mata rai. Wata maƙwabciya sai tambaya take wa zai riƙa gaya musu ranar shuka yanzu, tunda shi ne mai duban gabas ya ce ruwan nan na gaske ne ko na yaudara. Wata tsohuwa ta ce ita takaicinta ɗaya, ya karya alkawari, don sun yi da shi cewa shi zai ci gumbar sadakarta. Baffa, ƙanen mahaifina da ya zauna tare da Kaka a gida, ya shigo yana kuka wiwi, ba ya ko jin nauyin 'ya'yansa. Mahaifina kuwa, wanda muke kira Baba, yana zaure yana karɓar gaisuwa, ido a bushe, baya a miƙe, kamar lokacin da yake hedimasta yana sauraron iyayen yara.

Da la'asar sai ga wani tsoho Bazazzage mai sayar da citta a kasuwar Gezawa, abokin Kaka na shekara da shekaru. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya magana sai da ƙarfi, don haka muna daga ciki muna jin komai. Ya yi addu'a tukuna, aka shafa, sannan ya ce bawansa ya tsere ba sallama, kuma shi ba zai yarda ba sai an ba shi wani Bakanon a madadinsa. Kowa ya san wasan Kanawa da Zage-zagi, kowanne na cewa ɗayan bawansa ne. Zaure ya ɗauki dariya, irin wadda take fitowa tare da hawaye. Gwaggo ta leƙa ta dawo ta ce kowa ya dara ban da Baba, shi ya murtuke fuska kamar an zage shi. Tsohon kuwa, an ce yana fita ya jingina da katanga ya rufe fuska da hannun riga.

Ban ɗauki alƙalami don in jera tarihin Kaka ba. Shekarar haihuwarsa ma ban sani ba, shi ma bai sani ba, yakan ce dai an haife shi ana cirar gyaɗa. Na ɗauka ne don kada 'ya'yana su tashi su ji sunansa kawai ba su san irin mutumin ba, da kuma saboda wata amana da ya ɗora mini wadda ta kusa haɗa ni da mahaifina. Amanar ba ta da wuyar faɗa. Baba ya haura shekara sittin yana zaton ubansa ba ya ƙaunarsa. Kaka kuma ya bar mini saƙon da zai warware wannan zato, amma ya ce ta hanya ɗaya za a isar da shi, kuma a rana ɗaya tak. In ranar ta wuce, shi ke nan.

Baba ɗan fari ne, Kaka kuwa mutumin da ne, irin masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ana yaye Baba aka miƙa shi ga yayan Kaka a birni, can ya tashi, can ya yi boko. In muka zo ƙauye, zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Kaka zai amsa yana kallon wani wuri, ya ce lafiya, sai ya juya ya hau tambayar Baffa ko an ba jaki dusa. Ni kuwa da ya hango ni sai baki har kunne, ya ce ga Amarya nan da ƙafafu kamar sillen kara, shi dai an cuce shi a wannan aure. Ni ma ba na raga masa. In na ce wa zai zauna da miji ba haƙori, sai ya ce ai wajen tauna goron aurena suka zube.

Daga wannan wasan ya samo dabarar ambaton Baba ba tare da ya kama suna ba. Tunda ni matarsa ce, to ubana ya zama surukinsa ke nan. Kowace shekara, damin farko na geron da aka yanka ba ya shiga rumbu. Zai ware shi gefe ya ce, "Wannan na surukina ne. Ki kai masa, kada ya raba ni da matata." A ɗora a mota mu kawo Rijiyar Zaki, inda muke zaune. Baba yakan dubi damin ya ce gerona ne, in san yadda zan yi da abina. In ana zancen ƙauna kuwa, matar da ta riƙe shi a birni yake ambata. Yakan ce da ƙyanda ta kama shi yana yaro, kaji ta yi ta yanka masa yana shan romo, alhali gidan ko ɗan tsako ba su da shi, har yau bai san inda ta samo su ba.

Wata rana muna hanyar dawowa daga ƙauye, ina 'yar sakandare, har mun wuce Gezawa. Can sai Baba ya ce, kamar da sitiyari yake magana, "Ko sau ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba." Maganar ta zauna mini a ƙirji. Wannan ne ya sa ni, da nake 'yarsa ta fari, ya ƙi yi mini kara. Sunana yake kira gatsau a gaban kowa, har dangi suna cewa boko ya cire masa kunya.

Kaka bai yi boko ba, allo ma iyakarsa abin salla, amma ya yi tafiya. Yana saurayi, da zarar an kai amfanin gona gida sai ya bi fatake zuwa Kurmi, har Gwanja ya taka wajen sayen goro. Wani in ya je ƙasar mutane da labarin tsadar abinci yake dawowa. Shi kuwa da labarin yadda suke suna da biki da binne mamaci yake dawowa. Ya sha ba mu labarin wata rana a Kurmi da ya ji kiɗa ya cika unguwa, an yanka sa, mutane sun sha ado, ya ɗauka aure ake yi. Ya je ya yi musu murna, ashe tsohuwar gidan ce ta rasu. Ya ce ransa ya ɓaci, har ya ƙi cin naman. Sai matar da yake haya a gidanta ta ce masa wadda ta ga jikokin jikokinta ba a yi mata kuka, gida ta koma. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya tuna ai mu ma a nan muna da irin namu. In ya kai ƙarshen labarin sai ya kaɗa kai ya ce, "Allah ɗaya, gari bamban." Wannan ce kalmarsa, har yaran gida suna riga shi faɗa.

Ranar da na gaya masa abin da zan karanta a jami'a, wato nazarin al'adu da addinai da zamantakewar al'ummomin duniya, ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce ashe gulmar mutane ma an mayar da ita digiri, da ya sani da tuni shi farfesa ne. Amma daga nan muka ƙulla. Duk sanda na zo, zai ja ni gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa, ya ce in kwance masa jakar gulma. Na ba shi labarin mutanen da namiji in ya hango surukarsa sai ya bar mata hanya ya faɗa daji. Na ba shi na waɗanda ɗan 'yar'uwa yake shiga gidan kawunsa ya ɗauki abin da ya ga dama, ba mai ce masa kanzil. Na ba shi na masu ƙone gawa, da masu ware rana guda a shekara su kai abinci maƙabarta su ci suna hira da dariya. Wani ya ce a'uzubillahi, wani ya ce ikon Allah, amma bai taɓa cewa kowa mahaukaci ba.

Duk mutanen da na kawo masa labarinsu, tambaya biyu yake yi: wa suke jin kunya, kuma da wa suke wasa? Ya ce in ka san waɗannan biyun, ka san inda ƙofar gidan mutane take, ba za ka shiga ta katanga ba. Daga baya na tarar manyan littattafan da ake sa mu karanta da Turanci, masu nauyin da za a iya danne rufin kwano da su, kewaye-kewaye suke yi a kan waɗannan tambayoyi biyu. Da na gaya masa bai yi mamaki ba, tambayata ya yi ko marubutan sun taɓa noma.

Faɗanmu ɗaya ne da shi, kuma ni na jawo. Da na zo rubuta kundin digiri na biyu, sai na zaɓi kunyar ɗan fari. Na zagaya ƙauyuka da 'yar rakodata, wadda Kaka ya raɗa wa suna aku, na yi hira da tsofaffi da 'ya'yansu. A ƙarshe na rubuta cewa wannan al'ada tana sanya nisa tsakanin uba da ɗa, tana kuma sanyaya ƙauna. Gaskiya Baba nake gani a gabana lokacin da nake rubuta wannan shafi. Na zo da shi ƙauye ina ji da kaina, na ajiye aku a kan tabarma, na fassara wa Kaka shafin kalma bayan kalma.

Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce in kashe akun nan. Da na kashe, sai ya ce, "Malama, kin taɓa ganin an bar rumbu a buɗe? Ƙaiƙayi ake zubarwa a fili kowa ya gani." Tunda nake bai taɓa ce mini Malama ba, kalmar ta fi mari zafi. Ni kuma zuciya irin tasa na gado, ban iya haɗiye magana ba. Na ce masa rumbun da ba a taɓa buɗewa ba, ina amfaninsa ga mai jin yunwa? Ya dube ni, ya ɗauki malafarsa ya kifa a ka, ya bi kunyoyin dawa ya tafi, ya bar ni da tabarma.

Wata biyu ban taka ƙauye ba. Na yi ta gaya wa kaina aiki ne ya yi yawa, alhali na san ƙarya nake. Rannan sai ga Gwaggo ta zo birni asibiti, ta biyo ta gidana da ƙullin daddawa da zakara guda. Ta ce mijina ya ce a gaya wa Amarya, in yaji ta yi to ga biko, in kuma wani ta samu mai haƙori, ta faɗa masa ya san inda dare ya yi masa. Na yi dariya har na yi ƙwalla, ranar Juma'a na kama hanya.

Ya ce in bar aku a gida. Muna zama gindin ɗorawa ya ce na yi gaskiya rabi, shi ma ya yi gaskiya rabi, sai mu haɗa mu ga ko za ta cika mudu. Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Lokacin da ƙyanda ta kama Baba a birni, ana tsakiyar noma ne, kuma a zamanin ƙyanda ba ta wasa da yara. Labari ya iso ƙauye. Uba ya tashi ya ce zai je duba ɗan fari, abin kunya ne da za a yi ta yi masa gori har ya tsufa. Sai ya kama kaza guda ya ce birni zai kai ta kasuwa. Ya fita bayan asuba a ƙafa, bai isa ba sai wajen la'asar. Ya zauna a zauren yayansa, suka yi zancen ruwa, suka yi zancen ciyawa, bai ko tambayi yaron ba, kunnensa dai yana cikin gida. Da ya ji tarin yaron ya fito daga ɗaki, ya san yana da rai, sai ya aika wa matar gidan da kazar, ya ce kasuwa ta ƙi, ya juyo. Haka ya yi ta yi har sau bakwai, sai da kajin gidansa suka ƙare, yaron kuma ya tashi.

Na ce masa, Kaka, me ya hana ka gaya masa da bakinka? Ya ce bakin da ya shekara sittin a rufe, in ya buɗe yanzu, daga shi har Baba ba wanda zai san inda zai sa fuskarsa. Amma, in ji shi, akwai ranar da ni zan zama shi. Wasan jika yake nufi. A wajenmu, in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ranar uku sukan sa kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su tsokani 'yan gida, a ba su gumba su ci. Ranar duk abin da jika ya faɗa ba a riƙe shi da shi, don ba a ɗauka shi ne ya faɗa ba.

"Ki sa rigata da malafata," in ji shi, "ki kira shi da sunansa sau uku, yadda ake kiran yaro daga bakin gona. In ya amsa, ki gaya masa zancen kaji. In bai amsa ba, ki tuɓe rigar, kin fita."

Na ce yaya za a yi in kama sunan mahaifina, ni da ko mai sunansa ba na iya kira? Ya ce ba ni zan kira ba, shi ne. An ce kada a ari bakin mutum a ci masa albasa, to shi ranar zai ari nawa, kuma albasar tasa ce. Muka yi dariya, muka tashi. Ya ƙara shekara uku a duniya bayan wannan hira, bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Kwana ɗaya da rasuwar, sauran jikoki mata suka fara zaro kayan Kaka daga ɗaki suna gwadawa, ana shirin gobe. Magana ta kai zaure. Baba ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi, ya ce ba za a yi wannan a gidan nan ba. Ba addini ba ne, kuma ubansa ba abin wasa ba ne, mai ƙaunarsa ya yi masa addu'a. Ya ƙara da cewa gobe ana shafa addu'a zai koma birni. Ban ga laifinsa ba, don mutunta uban yake yi iyakar yadda ya san ana mutunta shi. Ni kuma da nake iya tsayawa gaban ɗalibai in lissafa al'ummomin da ke dariya a gidan makoki, a gaban Baba sai na sunkuyar da kai kamar kowa.

Na shiga tsaka mai wuya. In na yi, Baba zai iya ɗauka na kunyata shi a gaban dangi, kuma mutum ne da in ya rufe ƙofa ba ya saurin buɗewa. In na bari, saƙon ya bi Kaka kushewa, Baba kuma ya ƙarasa rayuwarsa da wancan zato. Na ja Gwaggo bayan rumbu na zayyana mata komai. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka mai isarta, don ita ma ba ta taɓa jin zancen kajin ba. Da ta share ido ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tura Baffa wajen Liman ya ji ta bakinsa. Liman ya ce shi bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. In dai ba kiɗa, ba kururuwa, ba a fito titi ba, kuma an gabatar da addu'a, to shi ana shafawa zai wuce duba dawarsa, tsuntsaye sun dame shi.

Ranar uku da hantsi aka yi addu'a, maza suka fara watsewa, na ji ana buɗe bayan motar Baba. Na shiga ɗakin Kaka na ɗauko tsohuwar shuɗiyar rigarsa. Ƙamshinsa na nan a jikinta, hayaƙi da goro da ƙasar gona. Sai da na cusa fuskata a ciki na yi kukan da ban samu yi ba tun Laraba, sannan na zura ta a kan kayana. Na kifa malafa, na shafa garin gero a haɓa, na ɗauki sandarsa. Na fito ina jan ƙafar hagu, na yi gyaran murya irin tasa mai hawa biyu.

Tsakar gida ta kaure da dariya. Na nuna akuya da sanda na tambayi wane mara aikin yi ne ya bar ta ta shiga zogale. Na ce wa Gwaggo sarkin surutu, yadda yake ce mata. Na ɗanɗani gumbar tsohuwar nan na ce ba zuma, dama na san rowa ce za ta hana ta mutuwa. Ta kai mini duka da mafici tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Da na ga jikina ya saki, sai na juya na fuskanci ƙofar zaure, na kira sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba, aron bakin na rana ɗaya ne.

Kiran farko da muryata ya fito, siririya. Duk da haka dariya ta ɗauke ɗif, Gwaggo ta dafe baki. Na biyu na jawo shi daga ƙirji, na ja ƙarshensa yadda Kaka yake jan sunan Baffa in yana kiransa daga gona. Hirar zaure ta tsaya. Na ji takun takalmi, sai ga Baba a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ta ƙarƙashin malafa na ga fuskarsa, na kuma san wannan fuska, ita ce wadda ɗalibansa suke gudu. Saura kaɗan in cire malafar in ba da haƙuri. Sai na tuna mutumin da ya taka daga asuba zuwa la'asar da kaza a hammata. Na ɗaga kai na dubi Baba ido cikin ido, abin da Kaka bai taɓa yi ba, na kira na uku a hankali.

Ya daɗe a tsaye. Ba mai motsi, har akuyar ta daina cin zogale. Can sai ya sunkuya ya tuɓe takalmi, ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a inda yake, daga nesa, kamar yadda ya saba.

"Na'am, Baba," in ji shi.

Na dogara da sanda. Na ce, "Kajin nan da ka sha romonsu kana ƙyanda, nawa ne. Sau bakwai na zo a ƙafa, ina zaure ina sauraron tarinka. Geron nan ma ba na Amarya ba ne, wa zai ɓata damin farko a kan mai ƙafafun sillen kara? Naka ne, tun farko naka ne. Allah ya yi maka albarka."

Makullin ya faɗi ƙasa. Hawayen da Baba ya riƙe kwana uku, ko in ce shekara sittin, suka ɓalle, kafaɗunsa na girgiza. Baffa ya zo ya durƙusa kusa da shi ya riƙe shi. Da Baba ya samu numfashi sai ya ce, kansa a ƙasa, "Ka yafe mini, Baba." Wannan kam Kaka bai bar mini amsarta ba, amma ban yi shakkar abin da zai ce ba. Na ce ban taɓa riƙe ka da komai ba. Sannan na cire malafar na zauna a ƙasa, na koma 'yarsa, ina jiran hukuncina. Hannu kawai ya ɗora a kaina.

Kafin mu tafi Baffa ya nuna masa wani dami da ke jingine shi kaɗai a gefen rumbu. Ya ce mako guda kafin rasuwar tsohon ya ware shi da hannunsa, ya ce na surukinsa ne. Aka yi caa za a ɗauka masa, Baba ya hana. Da farar shaddarsa ya saɓa damin a kafaɗa ya kai mota da kansa, kuma bai koma birni ranar ba sai da aka yi bakwai.

Kundina yana nan a ɗakin karatu da shafin nan a ciki, ba yadda zan yi in goge shi. Amma yanzu in ina koyarwa, nakan ba ɗalibai tambayoyin Kaka biyu, in ƙara musu ta uku daga wajena: in kunya ta rufe bakin mutum, wa aka tanada ya ɗaukar masa saƙo? Nakan ce su je gida su tambayi tsofaffinsu tun suna da rai, kuma su bar aku a jaka. Baba kuwa ya tsiri zuwa ƙauye duk Juma'a, yana zama gindin ɗorawa da Baffa. Har tsohon Bazazzagen nan ya je ya gaisar a kasuwa, ya ce ga Bakanon da aka ba shi a madadi, sai dai ya sani wannan bawan ba ya ɗaukar kaya. 'Yata ƙarama kuma ta shiga uku, don ya fara ce mata Amarya, yana kushe mata hanci.

Wata guda bayan rasuwar na je gaishe shi a Rijiyar Zaki. An dama fura da geron damin nan. Ina zaune a gabansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, sai ya ɗaga murya ya ce wa mahaifiyata ta gaya wa waccan, matar babansa, ta ɗauki furarta kafin ta tsinke. Na buɗe baki zan ce ai ga ni, sai na ga yana kallon wani wuri, gefen bakinsa na motsi. Tun daga ranar bai ƙara kama sunana ba. Na ɗauki furar na sha, yanzu kam na san abin da ake rufewa a rumbu.

Allah ya jiƙan mijina mara haƙori, ya yalwata masa makwanci, ya sa tafiyar nan ta fi duk waɗanda ya yi sauƙi, mu kuma ya kyautata tamu in ta zo. Kaka, na sa rigar, na kira sau uku kamar yadda ka ce. Ya amsa.